Uwar miji ce ta amsa duk tambayoyina, ni kuma na rubuta: yaya kuke ɗaukar tarihin marar lafiya?

Ɗiyar Adar:

Assalamu alaikum ƴan'uwa ma'aikatan lafiya, da iyayenmu da sunka riga mu shiga aikin nan. Wata takwas ke nan da anka turo ni wani CSI (ƙaramar cibiyar kiwon lafiya) na ƙauye cikin jihar Tawa, aikina na farko bayan makaranta. Akwai abin da ya faru a hannuna cikin watan Satumba wanda har yanzu in na kwanta sai ya dawo mini, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Ranar kasuwar garin ce, kuma tsakiyar lokacin palu, wato zazzaɓin cizon sauro. Kafin ƙarfe tara benci ya cika, saura na zaune gindin bedi. Majo, shugaban CSI ɗin, ya tafi kai rahoton wata, ungozoma na ɗakin haihuwa da mata biyu, ni kaɗai ce wurin duba marasa lafiya. Wajen sha ɗaya wata dattijuwa ta shigo da matar ɗanta, yarinya da ba ta wuce shekara 18 ko 19 ba, ta ja mayafi har bisa hanci. Na ce mi ke damunta? Tsohuwa ta ce zahi ne, cikinta ke ciwo tun shekaranjiya, ga jiri, ba ta son abinci. Na dubi yarinyar na ce ina ke miki ciwo, ta shafa cikin duka, ba ta ɗago kai ba. Tana amai? Tsohuwa ta ce sau ɗaya. Zawo? Babu. Na ce tana ganin al'adarta daidai? Tsohuwa ta ce lahiyarta lau ta wannan wajen. Na rubuta.

Na auna zafin jikinta, 37,4. Na yi TDR, gwajin jini na gaggawa na palu, ya nuna palu. Wallahi lokacin har sanyi na ji cikin raina, don na samu sunan da zan sa cikin rajista. Na ba ta Coartem da farasitamol, na ce su dawo in ba ta ji sauƙi ba. Ban kama wuyan hannunta na ƙirga bugu ba. Abin awon tansiyo (hawa ko saukar jini) guda ne gare mu, yana ɗakin haihuwa, ban tashi na ɗauko ba. Ban kwantar da ita na taɓa cikin ba. Duka-duka ba su yi minti biyar gabana ba.

Bayan isha'i anka maido ta bisa amalanke. Cikin idonta fari fat, tafin hannu kamar an wanke shi da toka, zufa mai sanyi, bugu 130 a minti, tansiyo ta faɗi har 8/5. Tana kukan kafaɗarta ta dama. Majo ya fidda kowa waje, ungozoma ta duƙa kusa da kunnenta ta yi mata tambaya guda. Yarinyar ta ce wata biyu ke nan ba ta yi fashin salla ba, sai ɗan ɗigon jini baƙi-baƙi da take gani kwana huɗu. Munka sa mata ruwa hannu biyu, anka kira mota zuwa Tawa. Cikin daren anka yi mata aiki: ciki ne ya zauna wajen mahaifa, cikin hanyar ƙwai, ya fashe. Sai da anka ƙara mata jini leda biyu. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi.

A makaranta mun hardace jerin nan: dalilin zuwa, yadda ciwon ya fara, cututtukan baya, tarihin haihuwa, ciwon da ke cikin dangi, yanayin rayuwa, sannan awo, sannan dubawa da taɓawa da ƙwanƙwasawa da saurare. Buƙatu 14 na marar lafiya da malamar jinya Virginia Henderson ta tsara ko cikin barci anka tashe ni zan kawo su. Amma da Faransanci munka koye su, kuma marar lafiyar cikin littafi da bakinsa yake amsawa. Tambayata ita ce: in mai ciwo ta yi shiru, wani na amsawa a madadinta, ga mutum 50 na jira waje, yaya kuke yi ku kai ga gaskiyar ciwon? Kuma da waɗanne kalmomin Hausa kuke tambayar abubuwan da ake jin nauyinsu?

Tsohon Majo:

Wa'alaikumus salam ɗiyata. Allah ya yi miki albarka da kinka faɗi abin yadda ya faru, ba ki ɓoye inda kinka taƙaita ba. Na yi shekara 30 da ɗoriya cikin farar riga, daga Buza zuwa Keita zuwa Abalak, kuma irin ranar nan taki na ga tawa.

Bari in fara da TDR, don shi ya rufe miki ido. Cikin damina mutane da yawa a ƙasarmu na yawo da ƙwayar palu cikin jini ba tare da ta kwantar da su ba, kuma gwajin na iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan mutum ya sha magani ya warke. Abin da ya gaya miki shi ne akwai alamar palu. Bai ce miki babu wani abu bayan palu ba. Mace da ciwon ciki da jiri, jiki ba zafi, ko TDR ya nuna, akwai sauran tambaya.

Yanzu wuyan hannu. Kin ce abin awon tansiyo na ɗakin haihuwa. To yatsunki fa, suna ina? Da kin kama hannun yarinyar nan minti ɗaya da safe, ina kyautata zaton da kin iske bugun ya haura 100, alhali babba mai lafiya a zaune tsakanin 60 da 100 yake. Matashi in yana zubar da jini ta ciki, jikinsa na riƙe tansiyo daidai har sai kusan kashi ɗaya cikin uku na jinin ya tafi, sannan ta faɗi gaba ɗaya. Bugun zuciya shi ke fara tona asiri. Kuma cikin wannan mintin kina jin ko hannun da sanyi, ko da zufa, kina juya tafin ki ga launinsa, ki ja fatar ido ki leƙa. Wannan ita ce tambayar da uwar miji ba ta da ikon amsawa a madadinta. Ni tun da na gane haka, ba wanda ke tashi daga gabana ban taɓa shi ba, ko ciwon ɗan yatsa ya kawo shi. Kafaɗar da ta yi kuka da ita da dare kuwa, jinin da ya taru cikin ciki ne ya taɓo tantanin da ke ƙarƙashin huhu, ciwon ya fito can sama. Ki riƙe wannan alamar.

Sai maganar "zahi". Mutanenmu ba alamomi suke kawo mana ba, suna zuwa ne da sunan ciwon da sunka riga sunka yanke tun daga gida. Zahi, sanyi, basir, shawara, ɗan kanoma, haƙori. Kowane ɗaya buhu ne, sai kin kwance bakinsa kin ga abin da ke ciki. Wanda ya ce basir, wataƙila bayan gida ke masa wuya, wataƙila jini yake gani, wataƙila tsiro ne ya fito, wataƙila kuma ƙarfinsa na namiji ne ya ragu yana jin nauyin faɗi. Mace ta ce sanyi, ko gaɓoɓi ke ciwo, ko ruwa ke fita mata, ko fitsari ke ƙuna. Kada ki yi gardama da sunan, kada kuma ki rubuta shi. Ki ce: "To, zahin nan naki yaya yake yi miki?" Sai ki yi shiru ki saurara.

Wani dattijo manomi ya taɓa zo mini a kan ciwon zuciya. Na ce Baba, nuna mini wurin da yatsa ɗaya. Ya ɗora yatsa a bakin ciki, ƙasan ƙashin ƙirji. Na ce mi kake sha in jiki ya yi tsami bayan noma? Ya zaro ƙulli daga aljihu, diklofenak ne na masu tallar magani a faranti, biyu da safe biyu da dare tun farkon damina, sau da yawa ba komi cikin ciki. Na ce bayan gidanka wane launi? Ya ce baƙi ƙirin kamar kwalta. Ƙwayar ta ci masa tumbi, yana zubar da jini. Da na tsaya kan kalmar zuciya, da can zan ɓata.

Yatsa ɗaya, ki riƙe shi. Mai shafa ciki duka da tafi bai gaya miki komi ba tukuna. Daga nan sai irin ciwon: suka yake, ko murɗa, ko ƙuna, ko zogi, ko nauyi kamar an aza dutse? Yana tsaye wuri ɗaya ko yana tafiya, baya ko cinya ko kafaɗa? Mi ke tada shi, mi ke kwantar da shi, abinci ko yunwa ko tafiya? Mi ke rakiyarsa? Hausa na da kalmomin nan duka, ba ki buƙatar aro.

Lokaci kuma kada ki tambaye shi da kalanda. "Kwana biyu" a bakin Bahaushe na iya zama wata shida, kin sani. Ki ce kasuwa nawa ta ci tun da ya fara? Kafin shuka ko bayan an yi noman farko? Da azumi kana da shi? In na yau ne: kafin azahar ko bayan la'asar?

Na ƙarshe, tun da Adar kike: namiji ya zo da tari, ki tambaye shi inda ya yi biɗa. Wanda ya dawo daga Abijan daban, wanda ya yi shekara biyu cikin ramin zinariya a Jado yana shaƙar ƙurar dutse daban. Tarin da ya kai sati biyu, ga rama ga zufar dare, kaki za a gwada, ba a sallame shi da ruwan maganin tari ba. Ki tambayi kuma wa ke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Ungozoma daga Yamai:

Ƙanwata, sannu. Na karanta sau biyu, jikina ya yi sanyi, don na san daren nan. Baba Majo ya gama magana kan hannu, ni bari in ɗauki ɓangaren bakin.

Doka ɗaya nake ba duk ɗalibar da ta zo sitaj, wato koyon aiki, wurina: macen da ta fara al'ada kuma ba ta daina ba, in ta zo da ciwon mara ko ciwon ciki ko suma, ki ɗauka tana da ciki har sai fitsarinta ya ce babu. Da aure ko ba aure, miji na gari ko yana Libiya, tana shayarwa ko tana planin, wato tsarin iyali. Tsinken gwajin ciki minti biyar yake ɗauka.

Gwajin ma shi ne hanyarki ta raba ta da mai rakiya ba tare da an ɓata wa kowa ba. Ni ga yadda nake yi. In tsohuwa ta fara bayani, ina barinta ta kai aya, ina kallonta, ina cewa to Inna, to Inna. In ta gama sai in ce: "Inna, Allah ya saka da alheri, kin yi ƙoƙari da kika kawo ta da wuri. Yanzu zan duba ta, sai ta kwance zane, kin san ba za ta iya a gabanki ba." Ban taɓa ganin uwar mijin da ta ƙi tashi ba in an faɗa mata haka, don kunyar nan ita ma tana alfahari da ita. Kin ga abin da ya hana yarinyar magana shi ne kuma ya buɗe miki ƙofa. In miji ne, sai in ba shi aiki, ya je ya yanko tikiti ko ya samo mata ruwa.

In kun rage ku biyu, kada ki ce "kina da ciki?" Amarya mai cikin fari ko uwar da ta haife ta ba ta gaya wa, balle ke baƙuwa. Wata kuma tsoron baki take, ciki ƙarami ba a ambatonsa. Ki sassauta murya ki ce: "Yaushe rabonki da fashin salla?" In ta ce ta manta, ki kama mata watanni: da ƙaramar salla kin gani? Watan da ya bi fa? Da layya? In ta ce ta gani, kada ki wuce: kwana nawa ya yi, ya zo kamar yadda ya saba ko ɗigo ne kawai, ja ne ko baƙi? Ciki wajen mahaifa yakan zo da ɗan ɗigon nan, mace ta ɗauka al'ada ce ta zo a makare, ta ce miki lafiya lau da zuciya ɗaya. Yawanci kuma tsakanin sati 6 zuwa 10 yake tashi, lokacin da ba wanda ya san da shi.

Haka tarihin haihuwa. In kika ce "ƴaƴanki nawa?" za ta ƙirga miki masu rai, wata ma ta tsallake ɗan fari don kunya. Ki rarraba: ciki nawa kika taɓa ɗauka, nawa suka zo da rai, nawa suka koma, ɓari nawa, an taɓa yi miki aiki? Waɗanda suka koma ki yi mata ta'aziyya kafin ki tambayi yadda aka yi, ko shekara goma ce ta wuce.

Abin da ta faɗa miki a keɓe kuma amana ce. Akwai ranar da gwaji zai nuna ciki alhali miji ya shekara ba ya gari, ko yarinya ba ta da aure. Ba a bakin ƙofa ake sanar da wannan ba. Ki tambaye ta wa take so ya sani. Ga dangi, "tana zubar da jini ta ciki, sai an kai ta Tawa yanzu" ya isa su nemo mota.

Tansiyo kuwa, ki yi haƙuri, ki tashi ki ɗauko. Mai ciki da ta wuce sati 20, in ta kai 14/9 a duba fitsari, in ta kai 16/11 ko tana ciwon kai da ganin walƙiya, jijjiga na bakin ƙofa. Mai jego da ta zo da kumburin ƙafa da haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ki tambaye ta kunun kanwa nawa take sha, ki saurari ƙirjinta, zuciya ce ake tsoro.

Kakar Yara:

Ku gafarce ni, ni ba likita ba ce, tsohuwar malamar firamare ce a nan Tawa, jikata ce ta nuna mini wannan magana cikin wayarta. Amma ni uwar miji ce har sau uku, kuma na ga kamar an ɗora laifin bisa kanmu, shi ya sa na ce sai na sa baki.

Ɗiyata, kin san abin da ya sa muke amsawa? Don in munka yi shiru, likita na duban yarinya ta yi mata tambaya, yarinya ta sunkuyar da kai, sai a daka mata tsawa a ce in ba ki da baki ki tashi ki ba wani wuri. Mun sha gani. Muna yin maganar ne don kada a kore mu da ciwonmu bayan mun biya kuɗin mota.

Abu na biyu, kuna cewa muna ɓoye abin da munka ba marar lafiya a gida. Gaskiya ne, muna ɓoyewa. Na taɓa kai jikana yana zawo, anka tambaye ni ko na ba shi wani abu, na ce na ba shi jiƙon sabara. A gaban mata fiye da 20 anka ce mini mu tsofaffi mu ke kashe yara. Ni da na koyar da yara shekara 28. Tun ranar, in an tambaye ni sai in ce ban ba shi komi ba. Da cewa anka yi "Inna, mi kunka gwada a gida kafin ku zo?" kamar abin da kowa ke yi, da na zayyana duka, har rubutun da anka sha da ƙwayar da anka saya bakin kasuwa.

Na uku kuma shi ne wanda nike so ki ji da kyau. Tsohuwar nan da ta ce miki lahiyarta lau, ba lalle ba ta sani ba. Gida ɗaya suke. Mu muna lura da yarinya ta daina cin miya, tana yawan tofar da yawu, tana barcin rana, wata biyu ba ta ɗaga salla ba. Sai dai ba zan faɗi haka gabanta ba, kamar yadda ita ba za ta faɗa gabana ba. Kunyar ta kowane ɓangare ce. In kin fidda ni waje kin gama da ita, ki biyo ni gindin icce ki ce Inna, ke mi kinka lura da shi? Za ki ji abin da ita kanta ba ta gaya miki ba.

Kuma ku riƙa gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya mai jiki. Ba ya cin lokaci.

Ɗan Gardin Dare:

Inna Kakar Yara, mun ji, kuma wallahi gaskiyarki. Allah ya ba mu ikon gyarawa.

Baba Majo, da girmamawa, duk abin da kuka faɗa haka yake, amma ƙanwarmu ta ambaci mutum 50 a waje kuma ba wanda ya taɓa wannan. Ni a wani CSI na cikin Yamai nake, wajen yara. Tun da aka sa kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, layin yara ba ya yankewa, daga Agusta zuwa Oktoba kuwa sai wanda ya gani. In na ce kowa sai na yi masa cikakken tarihi, wani yaro zai ƙare a bayan uwarsa kan benci kafin layi ya zo kansa.

Abin da nake yi: kafin in zauna, ina bin layin da ƙafa, kuma ina sake bi duk bayan kamar awa ɗaya. Ina ɗaga zanen goyo in leƙa. Alamomin haɗari na PCIME, tsarin kula da cututtukan yara, nake nema: yaron da ba ya iya sha ko kama nono, mai amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, wanda ya yi taune-taune, wanda ya yi laushi ko ba ya farkawa. Waɗannan ba sa jiran layi. Cikin manya, wanda ya kasa zama sai kwance, mai haki, mai zufa alhali ba zafi, mace da ta dafe mara. Yarinyarki, ƙanwata, wataƙila da a nan za ki fara tsinto ta.

In yaro ya zo gabana, numfashi nake ƙirgawa tun yana jikin uwarsa kafin ya fara kuka, minti ɗaya cur da agogo. Ƙasa da wata 2, 60 ko fiye ya yi sauri. Wata 2 zuwa 11, 50. Shekara 1 zuwa 5, 40. Sai maɗaurin damtse daga wata 6: in ya faɗa ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, ko da tari aka kawo shi. In danna bayan ƙafafu biyu in ga ko yatsa ya bar rami. In karɓi karne, wato littafin asibiti, in ga rigakafi, in tambaya ko ya sha maganin palu na damina da ake bi gida-gida.

Game da saurare kuma, tsoron da muke ji cewa in muka bar mutum zai cinye mana rana, ban ga haka ba. Akwai binciken da aka yi a Amurka a 1984, aka iske likitoci na katse marar lafiya bayan kamar daƙiƙa 18 da fara magana. Na gwada kame bakina, na ga yawancin iyaye mata kafin minti ɗaya ko biyu sun gama, kuma abin da nake nema na cikin abin da suka faɗa. Wani binciken a Ingila a 1975 ya nuna cikin marasa lafiya 80, an gano ciwon 66 daga bayaninsu kaɗai, kafin a taɓa su ko a yi gwaji.

Saura rubutu. Ki riƙa nuna wa ya faɗi abin: "in ji uwar miji", "in ji ita kanta". Da haka kika rubuta da safe, duk wanda ya buɗe rajista da dare zai ga ba a ji daga bakin mai ciwo ba. Abin da ba ki auna ba ki bar gurbinsa fili, kada ki cika 12/8 don shafi ya yi kyau, na ga masu yi. Mu nan muna da matsalar harshe ma, rabin masu zuwa Zabarmanci suke ji, ku kuma can arewacin Tawa ga Buzaye ga Fulani. In za a yi miki tafinta kan abin da ya shafi mata, nemi mace cikin ma'aikata ko cikin masu jira, kada ya zama mijinta ko ɗanta.

Ɗiyar Adar:

Baba Majo, Tanti ungozoma, Inna, Yaya, Allah ya saka muku da alheri. Na kwafe maganganunku cikin littafina.

Tun ranar Litinin na fara bin layi kafin in zauna, na kuma maido kujerar marar lafiya gefen tebur kusa da ni, inda hannuna zai kai ga nasa ba sai na tashi ba. Mun kai maganar abin awon tansiyo na biyu gaban kwamitin kula da CSI, sun ce za a saya cikin kuɗin wannan wata. Jiya wata ta zo da kishiyarta a kan ciwon kai, na yi yadda Tanti ta ce, da munka rage mu biyu sai ga shi fitsari ke mata ƙuna kwana shida.

Inna, na je har gida na gaida tsohuwar nan, na ba ta haƙuri. Maganarki ta tabbata: ta ce ta yi zato tun watan jiya, nauyin faɗi ta ji.

Yarinyar ta zo anka duba ɗinkin, ya kame lafiya. Da za ta fita ta dawo ta tambaye ni a hankali ko za ta ƙara haihuwa, tun da an cire mata hanyar ƙwai guda. Na ce ta dawo ranar kasuwa, zan ba ta amsa. Tanti, mi zan gaya mata?

Ungozoma daga Yamai:

Ki gaya mata in ɗaya hanyar na da lafiya, mata da yawa na ɗaukar ciki su haihu da ita kaɗai. Amma wadda ta taɓa yin ciki wajen mahaifa ta fi sauran mata haɗarin sakewa, don haka ranar da ta ga ɓatan wata kada ta jira komai, ta zo wurinki a gwada, a tura ta hoton ciki a ga inda ya zauna. Ki ba ta maganin ƙarin jini na wata uku, ki yi mata maganar hutawa kafin wani cikin. Ki rubuta aikin da aka yi mata a shafin farko na karnenta da manyan baƙaƙe, ki ce ta nuna shi duk likitar da ta je.